Tafinta a Aljihu, Kuɗi a Asusu

Ƙasar Arewa ta Nijar, daga Dogon Dutsi da Matankari har Tibiri da Kore Mai Ruwa, ƙasa ce da baki yake magana da harshe ɗaya, takarda kuma take magana da uku. A kasuwa da masallaci da bakin rijiya Hausa ake yi. Amma takardar haihuwa da ta asibiti da ta haraji duk da Faransanci suke zuwa. Buhun taki da kwalin magani da suka ƙetaro daga Kebbi ko Sakkwato Ingilishi ne a jikinsu. Wanda kuma ɗansa ya tafi Libiya ko Aljeriya yakan yi karo da Larabci, ba irin na allo ba, na ƴan sanda da masu gidan haya. Tun da rundunar Faransa ta bi ta Lugu a 1899 ta gwabza da Sarauniya Mangu, daga baya aka kafa bariki a Dogon Dutsi, talakan Arewa yake biyan wani haraji da ba ya cikin kundin kowa, wato ladan wanda zai gaya masa abin da takarda ta ce.

A zamanin kumandan tafinta ne mai karɓar wannan haraji, kuma tsofaffi ba su manta da shi ba. Maganarka ba ta isa kunnen Bature sai ta bi ta bakinsa, hukuncin Bature ma ta bakinsa yake iso ka. Don haka kaza da ƙwai da ƙwaryar hatsi suka san hanyar gidansa. Bayan samun mulkin kai a 1960 aikin ya sauko ƙasa-ƙasa. Ya koma hannun mai rubuta wasiƙa da ke kafa tebur kusa da gidan waya, da mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, da kowane yaro da ya kai aji biyar ko shida. A ƙauye yaro ɗaya yakan yi wa unguwa guda karatu. Ni ma na yi wannan aiki ina yaro, kamar tsarana da yawa, ana biyanmu da ƙuli-ƙuli da sa albarka.

Ƙuli-ƙulin ba wata tsada ba ce. Abin da mai takarda yake biya mai tsada shi ne asirinsa.

Gwaggo za ta shigo da ambulan ƙulle a gefen zane. Ɗanta yana cin rani a Abijan, wanda ya rubuta masa a can kuwa da Faransanci ya rubuta, don shi ya iya. Ta ce, "Ɗan nan, zo duba mini, mi ya ce?" A gidan Bahaushe ba a karanta wasiƙa a ɓoye. Kishiya tana surfe a tsakar gida, maƙwabciya ta shigo aron rariya ta ƙi fita, yara sun yi cirko-cirko. Sai in fara juyawa, layi bayan layi. Gaisuwa ga Baba, gaisuwa ga Inna, gaisuwa ga kowa da sunansa, har da mai unguwa. Sannan a zo ga inda kowa ya kasa kunne: ya aiko da jikka goma ta sefa hannun direba, biyar a sayi hatsi, biyu a ba Baba, uku ta riƙe. Kafin la'asar unguwa ta san Gwaggo tana riƙe da jikka uku. Kafin kasuwar Juma'a mai biki ta zo, mai ɗa ba lafiya ta zo, wadda ake bi bashin gishiri ta zo. Ba mugunta ce ta kawo su ba. Zumunci ne, kuma gobe ita ma ƙofar wata za ta buga. Amma jikka ukun nan ba su taɓa zama akuya ba. Da ƴan cin rani suka fara aiko da kaset maimakon wasiƙa, tafinta ya huta, asiri kuwa ya ƙara tonuwa, domin rikoda ɗaya ce a unguwa, kuma mai ita ba ya kunna ta sai ya ƙure murya.

Wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa mutanen Arewa ba sa barin dukiya ta kwana a siffar kuɗi. Ana yawan cewa talakawanmu ba su iya tanadi ba. Mai faɗin haka bai taɓa leƙa ɗakin tsohuwa ba. Namiji yana ajiya a rumbu, da tunkiya, da ragon da ake turkewa don layya. Mace tana ajiya a akuya, da turmin atamfa a gindin akwati, da jeren kwanoni da tasoshi da suka tashi daga ƙasa har kusa da rufi. Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana nazarin rayuwar Dogon Dutsi, ta ba kayan ɗakin amarya da gardamar da malamai masu wa'azi suka tayar a kansu wuri mai faɗi a littafinta na 2009 kan mata da farfaɗowar addini a garin. Masu wa'azi suna ganin almubazzaranci, kuma akwai gaskiya a wani ɓangare na maganarsu. Sai dai kwano yana da wata fa'ida da takardar jikka ba ta da ita: ba a zuwa aronsa don a kashe, kuma ranar da yaro ya kwanta ciwo ana iya ɗaukarsa a kai kasuwa.

Kuɗin takarda kuwa sun ci amanar mutanen nan fiye da sau ɗaya. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya ta canza launin naira, aka bar ƴan kan iyaka da damin takardun da ba sa sayen ko allura, ga fari ya biyo baya, har yunwar wannan shekara ta samu suna El Buhari a bakin ƴan Nijar. A 1990 babban bankin raya ƙasa, BDRN, ya durƙushe. A watan Janairu na 1994 aka wayi gari an karya darajar sefa da rabi. Duk waɗannan hukunce-hukunce da Faransanci ko Ingilishi aka yanke su, aka sanar da su, manomin Arewa kuwa sai a bakin ɗan kasuwa ya ji fassararsu, bayan farashi ya riga ya tashi.

A cikin wannan hali ne aka fara Mata Masu Dubara. Ƙungiyar CARE ta soma tsarin a jihar Maraɗi a 1991, tare da wata ma'aikaciyarta ƴar ƙasar Nowe, Moira Eknes, bisa tushen adashin da mata suka sani tun kaka da kakanni. Mata ashirin da wani abu zuwa talatin suna haɗuwa kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yanke, a ba mai bukata rance ta mayar da ɗan ƙari, a ƙarshen zagaye a fasa a raba. Ma'ajinsu akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku daban-daban, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. A farkon tsarin ba rubutu ake dogaro da shi ba, a ka ake riƙe lissafi, kowace mace shaida ce a kan ƴar'uwarta. Daga Nijar tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta, ya shigo jihar Dosso ya zauna daram. Abin da nake ganin ya sa ya karɓu shi ne ya ba mace amsar da ba ta ɓata zumunci. Idan aka zo aro sai ta ce, "Ayya, ƴar'uwa, kuɗin suna asusu, makulli ba ya hannuna." Ba ta yi ƙarya ba, ba ta yi rowa ba. Kuma daga farko har ƙarshe babu kalma ɗaya da take bukatar tafinta.

Wayar salula ta shigo Nijar a 2001, ta ɗauki shekaru kafin ta game ƙauyuka. Jenny Aker, masaniyar tattalin arziki daga Amurka, ta bi kasuwannin hatsi na ƙasar ta nuna cewa zuwan waya ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, don ɗan kasuwa ya daina hawa mota domin kawai ya ji nawa ake sayar da tiya. A 2009 da 2010 kuma, tare da ƙungiyar CRS, aka gwada haɗa karatun manya da koyon waya a ƙauyukan jihohin Dosso da Damagaram, aka ga waɗanda aka haɗa musu da waya sun fi sauran ci gaba a karatu da lissafi. Sannan kamfanonin aika kuɗi suka cika tashoshi, irin su Nita da Al Izza da Amana da BNIF Afuwa, ga kuma asusun waya. Direba ya daina zama ma'aji. Amma rasiɗin da ake miƙo wa Gwaggo ta taga, da saƙon da ke shigowa wayarta, har yanzu da Faransanci suke. Sai ta sake neman yaro.

Google ya saka Hausa cikin manhajarsa ta fassara a watan Disamba na 2013. A Arewa ba wanda ya yi guɗa, domin wayoyin da ke hannun mutane a lokacin na kira ne da tocila. Sai da Tecno da Itel suka yi araha, WhatsApp ya zama gidan waya na kowa, fassarar kanta ta ɗan gyaru daga yadda take da farko, inda sai ka yi dariya kafin ka gane, sannan abin ya shiga rayuwar yau da kullum ba tare da an yi masa biki ba. Yau mai gyaran waya a Dogon Dutsi yana ciniki da mai sayar da gilashin waya a ƙasar Sin, kowa yana rubutu da harshensa. Manomin dankalin turawa a fadama yana ɗora waya a kan kwalbar maganin ƙwari ya ga cokali nawa ake zubawa a lita nawa, maimakon ya auna da ido ya ƙona shuka. Ɗan cin rani a Tamanrasset ko Sabha yana tura wa maigidansa saƙo da Larabci yana neman haƙƙinsa, ba tare da ya ba wani ɗan gari kashi daga ciki ba. Ɗalibi yana juya darasin Ingilishi zuwa Faransanci. Tun ƙarshen 2022, da ChatGPT da ire-irensa suka fito, har takardar neman aiki ake sa inji ya tsara. Mai tebur na bakin gidan waya ya naɗe tabarmarsa, ba a ma lura da ranar da ya tafi ba.

Idan aka lissafa abin da wannan ya rage wa mutum a aljihu, ba shi da yawa: dala ashirin ta sefa ga mai rubutu, kuɗin kabu-kabu zuwa gari, wunin da aka ɓata ana jiran mushe ya taso daga aji. Ko da yake a gidan da ake dafa miya da dala arba'in wannan ma ba abin rainawa ba ne. Babbar ribar tana wani wuri.

Na taɓa tsayawa a bayan wata mai ƙosai a layin karɓar kuɗi. Daga ganin yadda ta sa hannu a takarda za ka san ba ta yi lakwal ba, amma ta yi yaƙi da jahilci, tana haɗa baƙaƙen Hausa a hankali. Da aka miƙo mata kuɗi da rasiɗi sai ta koma gefe, ta juya baya, ta ciro waya daga jakar leda. Ta ɗora ta a kan takardar, Faransancin ya koma Hausa a fuskar wayar. Tana bin layin da yatsa mai maiƙo, leɓenta yana motsi. Ta tsaya a kan adadin, ta ƙirga kuɗin hannunta, ta sake duba inda aka rubuta abin da aka cire na aikawa. Sannan ta ninke takardar ƙanana ta cusa a lalita. Wata da ta san ta ta matso ta ce, "Hajiya, yaron ne ya tuna da ke?" Ta ce, "Gaisuwa ce kawai, ya ce a gaida ku." Ban san nawa aka aiko mata ba, ita ma mai tambayar ba ta sani ba, kuma wannan rashin sanin namu shi ne sabon abu. A karon farko mace irin wannan tana iya sanin abin da ta mallaka ba tare da unguwa ta sani tare da ita ba. Idan ta ga dama ta taimaki wadda ta zo aro, idan ta ga dama ta kai asusu ranar taro. Zaɓin ya dawo hannunta.

Kada dai a ɗauka kowa ya samu wannan. Manyan da suka iya karatu a Nijar ba su kai kashi 40 cikin ɗari ba, a cikin matan karkara kuwa abin ya fi haka ƙasa sosai. Wadda ba ta karanta Hausar boko ba ta ƙaru da komai don Faransanci ya koma Hausar boko. Shi ya sa saƙon murya ya fi kowane irin rubutu kasuwa a ƙauyukanmu. A ƙarshen 2024 Google ya sanar da cewa ana iya yi wa manhajarsa magana da Hausa ta rubuta, wanda mataki ne, amma yawancin tsofaffi har yanzu jika ne tafintansu. Bambancin dai shi ne da'irar ta ragu, daga unguwa ta koma mutum ɗaya da aka zaɓa.

Sannan injin ba ɗan Arewa ba ne. Daga rubutun da ke intanet yake koyo, mafi yawan rubutun Hausa na intanet kuwa daga Nijeriya yake, daga jaridu da gidajen rediyon duniya. Hausar Kano ce a bakinsa, kuma sau da yawa idan zai juya Faransanci zuwa Hausa sai ya bi ta Ingilishi, abin da ya zube a hanya ya zube. Kalmomin da muka aro daga Faransanci muke amfani da su kullum yakan tsaya yana kallonsu. A hira wannan abin dariya ne. A lissafin kuɗi kuwa akwai haɗari na gaske, domin mu da dala muke ƙirga, dala ɗaya tamma biyar ce, dala ɗari biyu jikka guda. Inji kuwa idan ya ga dala, kuɗin Amurka yake fahimta. Wanda ya rubuta dala dubu yana nufin jikka biyar, mai karɓar fassarar a can zai karanta kuɗin da suka haura rabin miliyan na sefa. Masu ciniki da waje sun riga sun koyi rubuta adadi da lambobi, su sa sunan kuɗin a gefe. Wanda bai koya ba tukuna, ya koya kafin ya tura saƙo na gaba.

Akwai kuma takardar da ko an juya ta daidai ba ta fito fili ba. Takardar rance ce. Inji zai gaya maka cewa ruwan kuɗin kashi 2 ne cikin ɗari a wata, ka ji abin kamar ba komai. Ba zai ja hannunka ya ce kashi 24 ke nan a shekara ba, wanda shi ne iyakar da hukumomin kuɗi na ƙasashen sefa suka yanke wa ƙananan cibiyoyin bashi tun 2014, balle ya tambaye ka ko an haɗa da kuɗin dosiye, ko ana lissafa ruwan a kan dukan bashin ne ko a kan abin da ya rage. Haka takardar likita. A nan har gobe mai farmasi ya fi waya, don shi yana iya tambayar shekarun yaro.

Abin da ya fi damuna shi ne wani aiki da tsohon tafinta yake yi ba tare da an ɗauke shi don shi ba. Mushe yana da fuska, yana da uba, an san gidansu. Idan ya karanta maka takarda ya ga alamar cuta yakan ɗaga kai ya ce, "Baba, wa ya ba ka wannan? Kada ka sa hannu." Idan kuma shi ya cuce ka, ka san inda za ka kai ƙara. Inji ba ya ɗaga kai. Gaskiya da ƙarya da murya ɗaya yake karanta su. A da ɓarawon nesa yana tsayawa a bakin harshe, ba ya iya shigowa. Yanzu ɗan damfarar da bai taɓa jin sunan garin Dumega ba yana iya turo saƙo da Hausa mai sallama da in sha Allahu, ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda. Nijeriya ta ga irin wannan a MMM da ta rushe a ƙarshen 2016, ta ga CBEX da ta tafi da kuɗin jama'a a watan Afrilu na 2025. A 2024 wasannin latsa waya na Telegram, irin su Hamster Kombat, sun hana samarin arewacin Nijeriya barci, da aka zo rabo kuwa da yawa abin da suka samu bai biya musu data ba. Irin wannan guguwa ba ta tsayawa a shingen kwastan. A fadar samari, inda ake dafa shayi har tsakar dare, na ji ana gardamar wace manhaja ce mai biya, kuma mai ƙarfin murya a cikinsu hujjarsa ita ce ya karanta bayanin da kansa, da Hausa. Ya karanta ɗin, ba shakka. Sai dai fahimtar abin da mutum ya ce ba ta nuna ko mai gaskiya ne. Hausawa sun riga sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Tare da waɗannan ne wata magana ta shigo wayoyin matasa, wadda ake juyawa da ƴancin kuɗi. Asalinta a Amurka akwai masu ra'ayin cewa mutum ya matse cikinsa ya tara abin da ya ninka kashe-kashensa na shekara sau 25, ya zuba a hannun jari, ya ajiye aiki tun yana da ƙarfi. Shawara ce ta mai albashin wata-wata, a ƙasar da kasuwar hannun jari take cikin wayar kowa. Inji yana juya ta zuwa Hausa tsaf, amma ba ya juya ta zuwa Arewa, inda kuɗin manomi sau ɗaya suke shigowa a shekara, kuma babu wanda yake cin nasa shi kaɗai. Mu abin da muke nema sunansa rufin asiri, kuma ana gane shi da alamu sanannu. Kada ka sayar da wakenka da kaka, lokacin da kowa ke sayarwa farashi yana ƙasa, sannan ka dawo a watan Agusta kana sayen hatsi da tsada ko kana cin bashin da za a biya da dami. Kada ciwon yaro ya sa ka sayar da tunkiya mai ciki. Kada ka bar gonarka da damina ka tafi ƙwadago a gonar wani don abin da za a ci da dare.

Hanyoyin da suka kai mutane ga rufin asiri ba su da ƙyalƙyali. Tun 1999 hukumar abinci ta duniya, FAO, ta taimaka aka yaɗa tsarin jinginar amfanin gona a Nijar. Manoma suna tara buhunansu a sito mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiyarsu, ɗaya a hannun mai ba da rance. Su karɓi kuɗi su yi sana'ar rani, su biya, su buɗe sito lokacin da farashi ya tashi. Aker ɗin nan da abokan aikinta sun sake wani gwaji a ƙauyukan Nijar, wanda aka buga sakamakonsa a 2020: wasu gidaje aka ba su ɗan akwatin ƙarfe mai kwaɗo, wasu aka riƙa tura musu saƙon waya ana tuna musu da tanadi. Mutane sun karɓi akwatin hannu biyu, ya kuma taimaka musu lokacin rashin lafiya. Saƙon tunatarwar bai ƙara komai ba. Wannan bai ba ni mamaki ba ko kaɗan. Ba wanda yake bukatar a tuna masa cewa layya tana zuwa. Wurin da hannu ba ya kaiwa da sauƙi ake nema, nasa hannun da na dangi.

Har wa yau ɗan kan iyaka yana da wata tambaya da ba ta cikin bidiyon masu wa'azin arziki: da wane kuɗi zan ajiye? Kafin 2015 jikka ɗaya ta sefa ba ta kai naira 400 ba, a 2024 ta haura naira 2,000. Wanda ya yi cin rani a Legas ko Kano ya ajiye guminsa da naira ya ga yadda ya narke. Nijeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 har zuwa farkon 2024. A irin waɗannan lokuta waya ta yi rana, don mutane sun riƙa juya sanarwar Abuja da ta Yamai suna sanin abin da ke tafe kafin ɗan canji ya gaya musu nasa. Amma wanda ya tsira shi ne wanda labarin ya same shi da buhu a sito ko akuya a turke. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A watan Maris na 2025 sabon kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Ana ta muhawara a kan abin da wannan ke nufi ga sauran harsunan ƙasar, muhawara ce kuma da ta cancanci a yi ta da natsuwa. Ni dai a nan ƙasa-ƙasa nake son in ga alamarsa. Babu dalilin da zai sa mai ƙosai ta sayi data don ta san nawa aka cire mata a kuɗin da ɗanta ya aiko. Kamfanonin aika kuɗi da na waya da cibiyoyin bashi su buga rasiɗi da saƙo da takardar rance da harshen wanda ke gaban tagarsu, Hausa a Dutsi da Tibiri, Zabarmanci a inda shi ake yi, su rubuta adadi da tamma da kuma dala, su sa saƙon murya ga wanda ba ya karatu. Ƴan bokon Arewa kuma, malamai da ƴan jarida da ɗalibai, su riƙa rubutu a intanet da Hausar da suka sha a nono, da kalmominta da lissafinta, domin inji ba zai koyi abin da ba a rubuta ba.